Labulen Ɗakin Tsinke

Ni na raini Tsinke, kuma duk mai cewa ban so ta ba ya zo ya faɗa a gaban idona. Tana da shekara uku ƙanena ya saki uwarta, ya dire min yarinyar a shagona na ɗinkin labule, kayanta a cikin leda, wai wata biyu zai yi ya dawo. Ya tsallaka wata ƙasa, ya yi aure, ya miƙe ƙafa. Uwar ma daga baya ta auri wani, ya tafi da ita tasa ƙasar. Ni ban taɓa haihuwa ba, mijina ya rasu, sai ni da ita a ɗaki biyu a bayan shago. Na sa mata Tsinke ne don duk abin da ka ɗura mata ba ya kama jikinta.

Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take bina gidajen mutane awon taga. Ido gare ta: ta kalli taga ta ce inci sittin, a sa tef a samu sittin. Daga nan ta ɗauko maitar zanen gidaje, duk kwalin da aka naɗo yadi a kai sai ta cika shi da ɗakuna da ƙofofi. Da ta gama sakandare ta nemi karatun zanen gine-gine, jami'a biyu suka ɗauke ta. Ɗaya a ƙasar da uwarta take, ɗaya a ƙasar da ubanta yake. Kowace ta ce a ba ta amsa kafin ƙarshen wata, kuma ba a ba da biza sai da takardar wanda zai sauke ta a gidansa, da sa hannunsa.

Takardar uwar ta iso cikin kwana huɗu, komai cif. Uban kuwa, mutumin da sai ya shekara bai kira ba, da ya ji uwar ta riga shi sai ga shi a waya safe da yamma. "'Yata ta kaina" yake ce mata. Tsinke ta riƙa yawo a shago da waya a kunne tana dariya, har da taka min yadi. Ya turo hoton ɗaki, ya ce nata ne, ya sa an yi masa sabon fenti. Takardar kuma tana tafe, lauya ne ya yi tafiya.

Na karɓi wayar na ƙura wa hoton ido. Na ɗinka wa otal-otal labule ya fi a ƙirga, na san irin ninkin da suke so, na san tawul biyun nan da ake naɗewa a ƙarshen gado. Na mayar mata da wayarta. Da ta tafi kasuwa sayo zobban labule na kira shi.

"Ba ni awon tagar, zan yi mata labule."

"Faɗi saba'in, tsawo hamsin," ya ce, ko numfashi bai ja ba.

Tagar da ke hoton doguwa ce siririya. Bayan kwana uku na sake tambayarsa kamar na manta, ya ce arba'in da tamanin. Na rubuta a bayan rasit, na yaga, na jefa a kwandon ƙyalle. Ƙanena ne, ni na goya shi. Tun yana yaro in ya ga abu a hannun wani sai ya ƙwace, ba don yana so ba, ya je bayan gida ya yar.

Ranar na sauko da yadi mafi kyau a shagon, ruwan ƙasa mai nauyi, na yanka. Tsinke ta tsaya a kaina tana shafa shi.

"Gwaggo, ke wanne kika ga ya fi?"

"Uba uba ne," na ce. "Waccan da ta tafi ta bar ki da majina a hanci, yau ne ta tuna tana da 'ya?"

Na san uwar ta yi shekaru tana aiko da kaya. Na san inda na riƙa kai su, ba hannun Tsinke ba.

Saura kwana biyar wata ya ƙare uban ya kawo sharaɗinsa. Ba zai sa hannu ba sai ta rubuta wa waccan jami'ar ta ce ba ta so, kuma ta gaya wa uwarta da bakinta yana ji. Da rana tsaka aka yi, na kashe keken ɗinki. Wayata a kan teburin yanka, shi yana ciki a buɗe, tata a hannunta ta kira uwar. Ya riga ya faɗa mata abin da za ta ce.

"Mama, na zaɓi wajen Baba."

"To, Allah ya sa albarka," in ji uwar. "Ɗakinki dai yana nan in kin yi hutu."

Tsinke ta kalle ni. Na gyaɗa mata kai ta ƙarasa.

"Ba sai kin ajiye ba. Ni ba ni da uwa sai wadda ta raine ni."

Can muka ji ƙarar wani abu kamar cokali ya faɗi a ƙasa, aka kashe. Daga wayata ƙanena ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce madalla. Ni kuwa, ba zan ɓoye ba, maganar ta yi min daɗi har cikin ƙashi, duk da na san ba don ni aka tsara ta ba.

Daga ranar kiransa ya ɗauke. Tsinke ta kira har wayarta ta yi zafi. Ta shirya akwati, labulen a can ƙasa a ninke, kullum sai ta buɗe ta sake jera kaya. Ana jibi a rufe karɓar takardu ya ɗauka.

"Baba, takardar fa?"

"Wace takarda? Ke kin ga gidana? Matata da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu, a ina zan sa ki, a kan firji? Ki bari badi a gani."

"Amma ka ce…"

"Na ce. Yanzu dai waccan ta san 'yar wa ce ke. Ki gaida Yaya."

Ta rubuta wa jami'ar ƙasar uwarta, suka amsa cikin ladabi cewa an ba wa na bayanta gurbin. Ta kira uwarta sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Ba a ɗauka ba. Kwana shida tana kwance fuskarta a bango, na dafa duk abin da take so, na rarrashe ta, na zagi ubanta tas, kuma da gaske nake zagin.

A rana ta bakwai na ce ta tashi ta kwance akwatin nan, labulen kuma kada a yi asarar yadi, ta rataya a ɗakinta. Tagar ɗakin Tsinke wani magini ne marar kai ya yi ta, faɗi arba'in da uku, tsawo hamsin da bakwai, duk garin babu irinta. Ta hau kujera ta zura zobban a ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ta ja. Labulen ya rufe tagar daga bango zuwa bango, kalmasar ta sauka daidai inda nake son kalmasa ta sauka.

Ta daɗe a kan kujerar. Ba ta ko nemi tef ba.

"Gwaggo, wannan awon tagar nan ne."

"Ya yi kyau ko bai yi ba?"

"Kin yanka shi tun kafin in kira Mama."

Na ce mata matar likita tana jiranmu ƙarfe huɗu, tagogi tara ne, kuma idona ba ya ganin lambobin tef yanzu. Na miƙa mata. Ta sauko ta karɓa, ta rataya a wuya, ta sa takalmi.

Wata bakwai ke nan. Ba ta ƙara ce min Gwaggo ba, in kwastoma ya tambaya sai ta ce a jira mai shago. Ba ta zane a kwali kuma, labulen ma ba ta taɓa buɗe shi ba, ɗakin kullum duhu. Amma da safe ina jin motsinta ta bango, tana ɗora ruwan shayi, kofi biyu.