Ɗalibin Saratu

Saratu ta haddace babin zagayen jini kaf, yadda ta saba tun a Islamiyya: ta zauna kan tabarma tana rangaji, tana maimaitawa har ya zauna. Ranar gwaji sai Malama Talatu ta juya tambayar. Saratu ta zura wa takarda ido har lokaci ya cika. Dama ɗaya ta rage mata. In ta sake faɗuwa, makarantar koyon aikin jinya za ta sallame ta.

"Tilawa kike yi, ba karatu ba," in ji malamar. "Samu wata ki yi mata bayani da Hausar bakinki. Inda kika cije, nan ne ba ki sani ba."

To wa za ta samu? 'Yan ajinsu yara ne, Anti suke ce mata. Suna zaman bita bayan an tashi, ita kuwa tana saurin komawa Hayin Banki ta karɓo jaririnta Suhaib wurin maƙwabciya. Mijinta Kabir sojan sama ne, wata biyar ke nan da aka ɗauke shi daga barikin Mando zuwa Maiduguri. In ya kira, ba su gama gaisawa ba layin ya yanke.

Ranar Asabar da hantsi tana wanki, ta zaunar da Suhaib cikin baho, ta tokare shi da filo.

"To Malam, buɗe kunne. Jini in ya gama zagaya jiki, sai ya dawo zuciya ta ɗakin dama. Daga nan ya wuce..."

Ta tsaya, kumfa na tsiyaya daga hannunta. Ya wuce ina? Suhaib ya kai yatsan ƙafarsa baki.

"Kai ma ka gane ban sani ba ko?"

Ta goge hannu a zani, ta buɗe littafi ta duba wannan wurin kaɗai. Huhu ne. Ta rufe littafin, ta faro daga farko. Kwana tara suka yi a haka, tana bayani yana dalalar da miyau.

Ranar gwajin, tambayar ta sake zuwa a juye. Saratu ta runtse ido, ta ga bahon, ta fara rubutu.

Da sakamako ya fito ta tsallake, ta kira Kabir sau uku, bai shiga ba. Ta karɓo Suhaib yana barci, ta goya shi. A hanya ta gaya masa, a hankali don kada ya farka.