Harajin da Aka Ƙi Karɓa

Tun ranar da sabon jami'in hukumar nama ya fara zuwa shagonsu, mahaucin ya daina jin daɗin abinci. Dogo ne jami'in, farar rigarsa ba ɗigon jini, ga ƙamshin turare. Shi kuwa mahaucin ko ya yi wanka sau uku, ƙarni na nan a ƙarƙashin farcensa.

Matarsa ce ke kan sikeli. Jami'in zai buɗe firiji, ya sa ma'aunin sanyi, sannan ya tsaya yana jira. A wannan jiran ne take dariya, irin dariyar da mahaucin ya ɗauka tasa ce shi kaɗai.

Maƙwabtansa masu yanka dabbobinsu da kansu suna biyan haraji a mayanka, suna ƙorafi. Shi da ke saro naman da aka riga aka buga wa hatimi, ba a taɓa tambayarsa ba.

"Surukin hukuma," in ji mai shagon gefe, yana wasa wuƙa. "Mu da muka auri munana sai mu yi ta biya."

Maganar ta zauna masa a ƙirji kamar garwashi. Da jami'in ya dawo, ya tare shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, yau zan biya harajina."

"Wane haraji, maigida?"

"Wanda kowa ke biya. Ba na son alfarma."

Jami'in ya yi murmushi, murmushin ma kyakkyawa, abin haushi. "Ba alfarma ba ce. Doka ta ba mu ikon karɓa a kan yanka kawai. Da zarar nama ya fita ƙofar mayanka da hatimi, cinikinsa ba huruminmu ba ne. In na karɓa, ni za a kai kotu."

"To me ke kawo ka nan?"

"Firijinka. Duk inda ake ajiye nama ya kwana, dole in duba sanyinsa."

Mahaucin ya kalli firijin kamar yau ya fara ganinsa. Matarsa ce ta sayar da awarwaron da mahaifiyarta ta bar mata, ta saya musu shi a shekarar aurensu.

Da ta tafi kai wa yara abinci makaranta, ya kira dillali.

Washegari jami'in ya tarar da fili a jikin bango, sai ƙura da igiyar wuta a yashe. Ya mayar da ma'auninsa aljihu.

"Ke nan ba ni da sauran aiki a nan. Allah ya ba da kasuwa."

Ko waiwayowa bai yi ba. Mahaucin ya ji sanyi ya ratsa zuciyarsa, ya juyo yana neman idon matarsa.

Tana tsaye a gaban sikeli. A hankali ta kwance ƙyallen aikinta, ta ninke shi, ta ɗora kan sikeli.

"Baban yara, shi doka ta nuna masa inda zai tsaya, ya tsaya. Kai fa?"

"Na ga yadda kike masa dariya."

"Da ka tambaye ni. Labarin rigimar tagwayensa yake ba ni." Ta gyara mayafinta. "Ina gidan yayata."

Rana ta take, zafi ya cika shagon. Cinya biyu na rataye ba mai saye, ƙudaje sun fara taruwa, shi kuma yana tsaye yana kore su da hannu ɗaya.