Ranar da Dogo Ya Samu Aiki

"Ka amsa komai daidai," in ji Manaja, yana jujjuya biro a tsakanin yatsunsa. "Amma waɗanda suka shigo kafin kai ma sun iya baki. Saura abu ɗaya."

Dogo ya gyara zama. Sanyin ofishin yana dukan ƙeyarsa, amma gumi ya jiƙa masa hammata a ƙarƙashin kwat ɗin da ya aro wajen ƙanin matarsa, hannun kwat ɗin ya ɗage masa kamar na ɗan makaranta. Mutum biyu ne a gabansa: Manaja, da lauyar kamfanin, wata mai tabarau da tun shigowarsa take latsa waya. Kamfanin na rarraba magunguna ne, suna neman jami'in kula da ma'aikata.

Ya shirya wa wannan rana kamar mai shirin yaƙi. Matarsa ce take zama a bakin gado ta zama manaja, ta ɗaure fuska tana jefo masa tambayoyi. Idan ya sunkuyar da kai sai ta buga cinya ta ce, "Ɗago, Baban yara, ba roƙo ka je ba." Tun da masaƙar da yake wa aiki ta sallame shi yake zaune a gida, har maƙwabta sun daina tambayarsa ya aiki, sai dai ya gida.

"Wannan kujerar ba ta mai sanyin zuciya ba ce," Manaja ya ci gaba. "Zan kira wani ma'aikacinmu, ka nuna mana yadda za ka sallame shi. Ka ɗauka direba ne, ido ya fara gazawa, ya goge mana mota har sau biyu."

"Wato gwaji ne, yallaɓai?"

"Komai a ɗakin nan gwaji ne."

Manaja ya danna ƙararrawa. Can sai ga wani dattijo ya shigo da sallama, cikin kakin direbobi da ya sha guga, hularsa a hannu. Ya rusuna ya gaishe da Manaja, ya gaishe da lauya, ya gaishe da Dogo har da tambayar iyali.

Dogo ya ji wani ƙarfi ya zo masa. Wannan tambayar ya san amsarta fiye da kowa, don an taɓa karanta masa ita. Ya miƙe ya jawo wa dattijon kujera da kansa, kamar yadda aka jawo masa a masaƙa.

"Baba, zauna. Kamfani yana godiya da shekarun da ka yi kana masa hidima. Babu mai musun gaskiyarka da riƙon amanarka."

"Na gode, ɗana. Allah ya yi albarka."

"Sai dai an duba al'amarin idonka, an ga hanya ta fi ƙarfinka yanzu. Daga yau aikinka ya ƙare. Za a ba ka haƙƙinka cif, ba za a ci maka komai ba."

Murmushin dattijon bai gushe nan take ba, a hankali ya riƙa zamewa. Ya juya wajen Manaja.

"Yallaɓai, me baƙon nan yake cewa?"

Manaja yana duba farcensa. Lauya kuwa ta ajiye waya a karon farko, ta zaro wata takarda mai hatimin kamfani, ta turo ta gaban Dogo. Har da hoton dattijon a manne a kusurwa, da sa hannun Manaja a ƙasa.

Dogo ya karanta takardar. Ya dubi fuskar tsohon, ya gane babu wani wasa a nan. Sun rasa mai gaya masa ne, suka jira baƙo. Ƙofa tana bayansa, taku kaɗan ne. Yana iya ajiye takardar ya ce a nemi wani. Sai ya hango kansa yana shiga layinsu a ƙafa, matarsa ta leƙo ta taga ta karanta fuskarsa, ta koma ciki, kamar sauran lokutan.

Ya ɗauki takardar.

"Ni nake maka magana, Baba, ba Manaja ba. Ni za ka kalla."

"Ɗana, tabarau kawai nake buƙata, likita ya faɗa. Yallaɓai, ni nake kai ka makaranta fa, lokacin marigayi mahaifinka. A kafaɗata nake tsallakar da kai titi." Ya dubi Manaja, ya dubi Dogo. "'Yar autata tana karatun jinya, saura kaɗan ta gama. Ku bar ni ko wankin mota ne, ko gadi."

Kafin Dogo ya ankara, tsohon ya zame daga kujera ya durƙusa, ya kama masa ƙafar wando. Dogo ya ji idon Manaja a kansa. Ya janye ƙafarsa a hankali, ya sa murya mai sanyi, irin ta masu aikin asibiti.

"Tashi, Baba. Durƙuso ba zai gyara maka ido ba. Sa hannu a nan."

Manaja ya fashe da dariya har da dukan tebur. Lauya ma ta murmusa. Dattijon ya dafa kujera ya miƙe, ya karɓi biro, ya kai fuskarsa dab da takardar yana neman layin sa hannu. Dogo ne ya ɗora masa yatsa a wurin.

"Ka gani?" Manaja ya ce wa lauya. "Na farko kuka ya kusa yi tun kafin in kira kowa. Ta biyu ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani. Wannan shi ne mutuminmu." Ya miƙo wa Dogo hannu. "Ka fara ranar Litinin. Baba, kafin ka miƙa makulli, sauke sabon jami'inmu a gida."

A bakin ƙofar kamfani dattijon ya buɗe masa ƙofar baya, ya tsaya riƙe da ita har ya shiga. Suka hau titi. Tuƙinsa a natse yake, yana rage gudu tun kafin rami. Dogo ya buɗe baki zai ce bai sani ba, sai ya tuna ya sani, ya rufe. Abin da ya fito daga bakinsa har suka isa bai wuce "dama" da "hagu" ba.

Yaran ne suka fara hango motar, suka ruga ciki da ihu. Matarsa ta fito da kumfar wanki a hannu, ta ga tambarin kamfani a jikin ƙofa, ta ga mijinta a kujerar baya. Ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo mata tana dariya. Maƙwabta suka fara leƙowa.

"Har da direba? Baban yara, har da direba!"

Ta koma da gudu ta kawo ruwa mai sanyi a kofin baƙi, ta rusuna ta miƙa wa dattijon ta taga.

"Sannu, Baba. Ga shi nan, amana na ba ka. Yana da nauyin barci, ranar Litinin sai ka yi ta danna masa odar mota."

Dattijon ya shanye ruwan a hankali. Ya ɗaga ido ya dubi Dogo, ya ba shi lokaci ya yi magana. Dogo ya sunkuya ya ɗauki ƙaramin ɗansa, ya shiga gyara masa wuyan riga.

"To, 'yata," in ji dattijon, ya miƙa mata kofin. "Allah ya sanya alheri."

Ya ja motar a hankali saboda yaran da ke bin ta a baya.