Barcin Rana a Ɗakin Sama

"Ba za a ba da makullin nan ba sai na kwanta a ciki," in ji Baba Injiniya, hannu ɗaya a kan ƙarfen matakala, ɗayan a ƙirjinsa.

Shi ne mai gidan da nake haya a ƙasansa tun kafin in bar aikin koyarwa. Bai taɓa karatun injiniya ba; magina ne suka laƙaba masa sunan saboda yawan sa baki a aikinsu. Ƙa'idarsa guda ce: duk ɗakin da aka gyara, ba ya miƙa shi ga ɗan haya sai ya yi barcin rana a ciki.

A wannan karon kuwa ɗakin sama aka gyara, ga shi zuciyarsa ta yi rauni, likita ya hana shi hawa bene. Ga mota a bakin titi cike da kaya, ga sabuwar 'yar haya, ma'aikaciyar jinya, da 'ya'yanta biyu ƙanana. An sayar da gidan da take ciki, ta riga ta miƙa makulli. Idan ba ta shiga ranar ba, ba ta da inda za ta kwana da su.

"Baba, don girman Allah," in ji 'yarsa, wadda ke kula da gidan tun da ya kwanta ciwo. "An yi fenti, an sa tayil, an canja famfo. Me ya rage?"

"Ni na rage."

"In ka faɗi a matakalar nan fa?"

"Sai ki san ba a gyara ta da kyau ba."

Ma'aikaciyar jinyar ta ɗan dube shi, sannan ta ce, "Baba, hawa likita ya hana, bai hana a ɗauke ka ba. Kullum muna yi a asibiti."

Haka aka zaunar da shi a kujerar roba, mai fenti da direban motar suka tallabe shi, muka bi su a baya ina ta addu'a a zuci.

"Ku lura da bango a kwanar nan," ya ce musu. "Ni tsoho ne, amma fentin sabo ne."

Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar ɗaki, ya miƙe, ya ɗora hula a fuska. Muka yi cirko-cirko a bakin ƙofa kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Ba a jima ba ya ɗaga hular.

"Malama, taimaka ki buɗe mini taga."

Na ja, ta ƙi. 'Yarsa ta ja, ta ƙi. Ashe a rufe mai fenti ya shafe tagogin duka, fentin ya bushe ya manne su da jikin katako. Kowa ya shiga ɗakin ya yaba kyansa, amma babu wanda ya daɗe a ciki har zafi ya sa shi neman iska.

"Baba, gudun kada ya ɗiga wa na ƙasa ne," in ji mai fenti, yana sosa ƙeya.

"Ka kyauta. Na ƙasa sun tsira, na sama kuma ka dafa su."

Har 'yarsa sai da ta yi dariya. Mai fenti ya kawo wuƙa ya bi gefen tagogin yana kankarewa, Baba yana ba shi umarni daga kwance. Da iska ta shigo, ya mai da hular, numfashinsa ya daidaita. Ma'aikaciyar jinyar ta zauna kusa da shi, yatsunta a wuyan hannunsa, ba ta ko leƙa kayanta da ke rana ba.

Gab da la'asar ya farka. Ya laluba aljihu ya ciro makullin.

"Ungo, 'yata. Ɗakin yana da barci. Allah ya sa ku zauna lafiya."

"Amin, Baba. Yanzu sai a sauko da kai a sha magani."

"Ka ji ta. Ko katifa ba ta shigar ba ta fara mulki."

A ƙarshen wannan makon Allah ya karɓi abinsa, yana zaune a kan dardumarsa bayan sallar azahar. Allah ya jiƙansa.

Falona ne ya fi faɗi, don haka a nan mata suka zauna karɓar gaisuwa. Muna cikin jan carbi sai muka ji gudu a saman kanmu, ɗif-ɗif-ɗif, daga wannan bango zuwa wancan. Ma'aikaciyar jinyar ta miƙe cikin kunya za ta hau ta tsawata wa yaran.

'Yar marigayin ta riƙo mata gefen mayafi.

"Zauna, Anti. Ƙyale su."

Ta koma ta zauna. Muka ci gaba da jan carbi, ƙananan ƙafafu suna ta kai da komo a sama.