Faifan Kirsimetin Rafka

Ummu Taniyos ba ta iya samun abin alfahari ta ci shi ita kaɗai ba. Da 'yarta Rafka ta turo waƙoƙin Kirsimetin da ta yi a Montreal, ko kunnawa ba ta yi ba sai da ta tara matan unguwa shan gahawar safe. Saƙon da ya rako waƙoƙin gajere ne: "Mama, ki saurara. In sun yi miki, zan zo gida in rera su a cocinmu ranar idi." Shekara tara ke nan rabon yarinyar da ƙauyensu na kan tsauni.

Aka raba megli, kunun shinkafa mai kauri da zaƙi da ake yi da Kirsimeti, a kofuna, kwakwa da gyaɗar fistak a sama. Ummu Taniyos ta wangale taga, duk sanyin tsaunin nan, don na waje ma su ji. Sannan ta kunna waƙoƙin.

Wai! Ba ƙararrawa, ba kiɗan tashi. Wani goge ne ke ta kuka can ƙasa-ƙasa, iska na huci, sannan muryar Rafka ta shigo a sanyaye kamar ta majinyaci. Waƙar farko a kan ƙanƙarar da ta toshe ƙofar da ba mai ƙwanƙwasawa ce. Ta biyu, teburin idi mai kujera ɗaya.

"To, muryar dai tana nan," in ji maƙwabciyarta Ummu Jirjis, idonta a kan cokali.

Ana cikin ta uku aka buga ƙofa. Tsoho Abu Sim'an ne cikin baƙar kwat, hula a hannu, bayansa mata biyu da baƙaƙen gyale. Ya ga mata sun taru da sassafe, ya ji wannan kiɗa ta taga, me kuma ya rage?

"Allah ya ba ku haƙuri," ya ce. "Wa muka rasa?"

Ɗakin ya fashe da dariya, har wata ta ƙware da megli. Ummu Taniyos kuwa ji ta yi kamar ta nutse. Ta fizgi waya, ko tunawa ba ta yi ba cewa can gari bai waye ba. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Ke Rafka! Wannan waƙar idi ce ko ta kai gawa? An haifi Almasihu, ke kin kafa mana zaman makoki! Ga mutane nan sun zo min ta'aziyya da raina da lafiyata!"

"Mama, kin saurari abin da nake cewa a ciki?"

"Na saurara har na ƙoshi! Wa ya hana ki ci, wa ya hana ki sha? Wannan baƙin abu ba zai shiga cocin da aka yi miki baftisma ba. Ki zo ki yi mana waɗanda kowa ya sani."

Rafka ta sassauta murya.

"Waɗancan sun daina fitowa daga bakina, Mama. Waɗannan kaɗai nake da su."

"To riƙe kayanki!"

"To. Ki gaida kowa."

Layin ya katse. Ummu Taniyos ta juyo tana haki, ta bi matan da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ko ƙarya na yi?"

Ummu Jirjis ta miƙe tana tattara kofuna.

"Gaskiya kika faɗa, 'yar'uwa, waƙoƙin ba daɗi ko kaɗan. Amma da tawa ce ta ce za ta zo, ko kukan jaki za ta yi, da ƙafa zan taka har filin jirgin Beirut in tarbo ta."