Ramin Aji Uku

Shekara uku ke nan Malama Asama'u tana rubuta takardar koke a kan daɓen aji uku. Simintin ya fashe tun kafin a turo ta daga Bagudo zuwa wannan ƙauye na hanyar Lolo, ya bar rami a kusurwar baya mai faɗin tabarmar sallah, ba komai a ciki sai yashi. Duk farkon zango sai ta rubuta ta miƙa wa hedimasta, Malam Bunyaminu, shi kuma ya ce in Allah ya so, ya cusa a aljihu. Ta gaji da ramin kamar yadda ta gaji da komai na makarantar. Yara saba'in da huɗu ne a kan benci goma sha ɗaya, alli kuma sai an karya shi uku. Kafin a tashi muryarta ta dushe, har mai kabu-kabun da ke mayar da ita gida ya daina jan ta da hira.

A cikin yaran nan, ɗaya ta fi sauran cin ranta. Zuhura ce, 'yar Namadi manomin shinkafa, shekararta tara, kuma maimaita ajin take yi. Ba ta iya zama wuri ɗaya. Kaza ta gifta taga, ta bi ta da ido har da wuya. Ana tsakiyar darasi sai ta miƙe ta sanar da aji cewa ga jirgin ruwa can ya taso. Malaman baya sun yi duka har hannunsu ya gaji, suka laƙaba mata Mazari, suka bar ta da halinta. Amma duk wanda ya ce daƙiƙiya ce bai zauna da ita ba. Ka ba ta labari sau ɗaya, za ta mayar maka da shi har da tarin da ka yi a tsakiya. Takarda ce kawai ta gagare ta.

"Malama, baƙaƙen ba su tsayawa," in ji ta wata rana. "Ina kallonsu suna tahiya kamar tururuwa."

A hutun damina aka tura Asama'u bitar kwana uku a Birnin Kebbi. Yawancin abin da aka faɗa ya bi iskar fanka, don masu jawabin ba su taɓa ganin aji mai yara saba'in ba. Abu ɗaya ta riƙo. Wata dattijuwar malama ta ce akwai yaran da ido kaɗai ba ya isar musu, sai hannu ya taɓa. A zuba musu yashi, su zana harafi da yatsa suna faɗinsa, su shafe, su sake.

Yashi dai ba ya wuya a bakin kogin Kwara. Ta zo da faifai daga gida, ta cika shi. Lokacin tara, sauran yara na rububin ƙosai, sai ta ja Zuhura gindin bishiyar dogon yaro su zauna suna fuskantar juna, faifan a tsakiya. Ta zana, yarinyar ta bi sawu, ta shafe da tafin hannu, su sake. Abin mamaki, Mazari ta zauna. Muddin yatsanta na cikin yashi, ko awaki sun yi faɗa a bayanta ba ta waiwayawa. Cikin mako shida ta kama harafi goma sha huɗu. Asama'u ta yi murna ƙwarai, irin wadda ta manta rabonta da ita a aikin nan.

Abin da ba ta lura da shi ba, bishiyar tana bakin hanyar da mata ke bi zuwa fadama. Ran nan wata tsohuwa ta ratso, ta durƙusa, ta ajiye goro biyu a gefen faifan, ta rage murya.

"Malama, tunkiyata ta ɓace yau kwana huɗu. Ki duba mini ko tana gari ko an ƙetara iyaka da ita."

Asama'u ta dubi tsohuwar, ta dubi layukan da ke kan yashi, sai a lokacin ta gane. Mace zaune da faifan ƙasa, tana zane tana shafewa tana motsa baki, a garin nan wannan sunansa bugun ƙasa. Ita da ta yi karatu har kwaleji, sai da tsohuwa mai neman tunkiya ta nuna mata abin da kowa ke gani.

Washegari Namadi ya zo, laka har gwiwa, ya tsaya a ƙofar ofishin hedimasta. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Malama, sannu da ƙoƙari. Ran kasuwar Lolo za ni kai Zuhura tsallaken iyaka, wurin gwaggonta Dela. Ta taya ta ƙyafa kihi. Can ba mai ce mata ɗiyar duba."

"Malam Namadi, wallahi karatu na. Tsaya ka gani."

Ta kira Zuhura, ta ajiye faifan. Yarinyar ta durƙusa, harshe a waje, ta rubuta sunan ubanta harafi bayan harafi, ba kuskure. Ta ɗago tana jiran ya yi dariya. Namadi ya daɗe yana kallo. Allo ya yi, bai yi boko ba.

"Ni dai zane nika gani bisa ƙasa," ya ce. "Ke na yarda da ke. Amma jiya masallaci anka yi mini nasiha gaban mutane. Uwatta ko rijiya ba ta iya zuwa."

Malam Bunyaminu, wanda ba abin da ya ƙi jini kamar magana ta kai ofishin ilimi na Bagudo, shi ya raba gardamar. Yarinya ta zauna zuwa ƙarshen zango. In ta karanta takardar jarrabawa kamar kowa, ta ci gaba, in ta kasa ubanta ya tafi da ita. Faifai kuwa an gama da shi. Ya zubar da yashin ta taga da hannunsa, ya ɗora faifan a kan kabad.

Mako biyun da suka biyo baya sun yi wa Asama'u nauyi. Ta zaunar da Zuhura a bencin gaba, ta rubuta mata baƙaƙe manya-manya, ta riƙe mata hannu a kan fensir. A banza. Goma sha huɗun nan suka dinga zubewa ɗaya bayan ɗaya, Mazari ta koma rawarta. Wata Laraba, ga zafi ga ciwon kai, yarinyar ta ture kwalbar ruwanta a kan rajista. Asama'u ta daka mata tsawar da ba ta taɓa yi ba.

"Tashi ki koma baya! Can ƙurya, in daina ganinki!"

Zuhura ta tafi sumui-sumui ta zauna a ƙarshen bencin da ke bakin ramin. Asama'u ta ji kunyar kanta, amma gajiya ta hana ta kiran yarinyar ta dawo.

Sai bayan kwana biyu, ana shifta, ta lura kusurwar ta yi tsit. Ta zaga a hankali kamar mai duba littattafai. Zuhura ta tuɓe silifa. Duk kalmar da aka faɗa, sai babban yatsan ƙafarta ya zana ta a yashin ramin a ƙarƙashin benci, ta leƙa, ta kwafa a littafi, ta shafe da diddige. A cikin kalma goma ta ci shida. Asama'u ta wuce kamar ba ta gani ba. Da aka tashi sai ta gyara zaman benci, ta sa dogayen yara biyu a gaban kusurwar.

Saura mako uku jarrabawa, Malam Bunyaminu ya tare ta a baranda, bakinsa har kunne.

"Albishirinki! Siminti ya iso, buhu huɗu. Asabar magini za shi liƙe miki ramin nan."

"A ba aji biyar, Malam. Nasu daɓen ma ya tsage."

"Aji biyar? Shekara ukku kina cika mini aljihu da takarda, yau kuma ki ce aji biyar?"

"Mun saba da shi. A bar mana zuwa wani zangon."

Ya dube ta kamar wadda rana ta taɓa. Ya ce shi dai mata sun fi ƙarfinsa, ya tafi yana kaɗa kai.

Ta koma ajin ɗaukar jakarta. Yara sun watse, mai kabu-kabu yana ta danna oda a bakin hanya. Ta ƙarasa kusurwar baya ta leƙa. Yau Zuhura ta manta ba ta shafe ba. A kan yashin, da manyan baƙaƙe, an rubuta Namadi, a ƙasansa kuma Zuhura, ga sawun 'yar ƙafa a gefe. Ba wanda ya faɗa mata ta rubuta. Asama'u ta tsaya tana kallo har idonta ya ciko, tana jin ina ma ta kira garin nan kaf su zo su gani. Sai ta ji takun maigadi yana zuwa rufe tagogi. Ta sa takalminta ta shafe sunayen biyu, ta daidaita yashin, ta fita.