Sunan da Indo Ba Ta Kamawa

"Ka kai ta da kanka," in ji Sanata Jibril Baffa a waya. "Ta kafa kyamararta, ta tambayi tsohuwar abin da ta ga dama. Kai ma ka san Inna. Ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba za ta kama sunana ba."

"To, ranka ya daɗe," in ji Malam Sabo.

Ya mayar da wayar aljihu, ya ci gaba da tsayuwa a bakin titin Ƙofar Mazugal yana jiran 'yar jaridar. Duk inda ya juya fuskar Jibril ce: a jikin katanga, a bayan Adaidaita Sahu, a rumfar mai gyaran takalmi. Gemu a gyare, carbi a hannu, a ƙasa an rubuta: Jam'iyyar Gadon Iyaye, Mu Koma Gida.

Tare suka taso a Gwale, tare suka fara koyarwa a firamare. Sabo ya tsaya a aji har ya yi ritaya, Jibril kuwa ya gano da wuri cewa mutane na tafa wa wanda ya iya yi wa 'ya'yansu faɗa. Ya zama kansila da jawabi a kan lalacewar tarbiyya. Ya zama ciyaman, ya rufe gidajen kallo. Ya je majalisar dattawa yana kuka a kan matasan da suka daina durƙusa wa iyayensu. Yanzu shugabancin ƙasa yake nema, kuma abin da yake tinƙaho da shi a kowane dandali shi ne asali: shi jinin malamai ne, ɗan Malam Baffa na Gwale da Hajiya Zaituna.

Sabo ne ya rubuta masa wannan asalin a littafin tarihin rayuwarsa. Da hannunsa ya rubuta cewa a gidan Malam Baffa aka haife shi, alhali ya san riƙo ne. Daga yaye aka ɗauke Jibril aka bai wa Zaituna, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Wadda ta haife shi 'yar kawun Zaituna ce, Indo, matar wani mai kiwon shanun mahauta, kuma shi ne ɗanta na fari. Malam Baffa da Zaituna sun daɗe da rasuwa. Indo tana nan da ranta, tana soya ƙuli-ƙuli.

Mota ta tsaya, Bahijja ta fito da jaka a kafaɗa. Wakiliyar wani gidan talabijin ce daga Abuja, kuma a Legas ta girma. Ta ji raɗe-raɗin cewa mai wa'azin biyayya ga iyaye ya ɓoye uwarsa.

"Ina wuni, Malam? Na yi mamaki da Sanata ya ba da izini."

"Ya ce ba shi da abin ɓoyewa," in ji Sabo, idonsa a kan titi.

Suka shiga lungu, suka tsallake kwata biyu, suka yi sallama a wani gidan ƙasa da aka yi wa rufin kwano. Ƙanshin gyaɗa ya tare su tun daga zaure. Indo na zaune a gaban murhu, doguwa, siririya, shekaru sun rusunar da ita. Ta sauke kaskon, ta shimfiɗa musu tabarma.

"Sabo, kai ne? Ashe kana gari? Na ɗauka kai ma Abujar ta haɗiye ka."

"Ina nan, Inna. Baƙuwa na kawo miki."

Bahijja ta gaishe ta, ta kafa kyamara. Ta fara da tambayar sana'a da shekaru, Indo na amsawa da dariya, har ta tsokane ta cewa Hausarta ta sha ruwan teku. Sannan Bahijja ta gyara zama.

"Inna, Sanata Jibril Baffa ɗanki ne?"

Dariyar ta ɗauke. Indo ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta kawar da kai wajen bango.

Sabo ya san haka za a yi. A gidan da Indo ta fito, mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta amsa shi a bainar jama'a. Kunya ce da ake gada daga uwa zuwa 'ya. Shekara sittin Indo na kiran Jibril "ɗan Zaituna" ko "mutumin nan". Wannan kunyar Jibril ya lissafa, kamar yadda yake lissafa akwatunan zaɓe.

"Inna, ke kika haife shi?" Bahijja ta sake tambaya a hankali.

"Ɗan Zaituna ne," in ji Indo, tana kallon bango. "Ki bar ni, 'yar nan."

"Ba ɗanki ba ne ke nan?"

Indo ta ɗauki matsami ta shiga juya man da ba ya kan wuta.

Bahijja ta juya kyamarar wajen Sabo. "Malam, kai ka rubuta littafin, kuma kai ɗan unguwa ne. Ni ban fahimci wannan shirun ba. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Kalma uku kawai ake bukata: kunyar ɗan fari. Da ya furta su, yarinyar za ta gane, duk wanda ya kalli shirin zai gane. Ya ji su a kan harshensa. Ya tuna shafin da ya rubuta, da sunansa a bangon littafin, da ranar ƙaddamarwa da aka kira shi masanin tarihi aka tafa. Idan Jibril maƙaryaci ne, to alƙalamin wa ya ara?

"Kin ji daga bakinta," in ji shi. "Abin da ke cikin littafin shi ne."

Bahijja ta kashe kyamarar, ta nemi afuwar tsohuwar, ta ce wa Sabo za ta iya gane hanya. Takun takalminta ya ɓace a zaure.

Sabo ya yunƙura zai tashi.

"Zauna," in ji Indo.

Ta sauke mayafin daga fuskarta. Idonta a bushe yake.

"Jikar maƙwabciyata ta karanta mini littafin naka, tun daga farko har ƙarshe. Na ji sunan limamin da ya raɗa masa suna. Na ji sunan wanzami. Har direbansa na ji." Ta ajiye matsamin. "Shi ya aiko ka da yarinyar nan?"

"Inna, lokacin zaɓe ne, abubuwa ne da..."

"Shi ya aiko ka?"

"Shi ne."

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani.

"Ni dai kunya ce ta hana ni kama sunansa, haka na tarar uwata na yi. Ka tambayar mini shi, tunda shi ne malamin tarbiyya: shi a gidan wa ya koyi kunyar kama nawa?"

Wayar Sabo ta fara ruri a aljihu. Bai taɓa ta ba.

"Ɗauka mana," in ji Indo, tana mayar da kaskon kan wuta. "Kada ka bar babban mutum yana jira."